FASHIN BAƘI: Babbar jita ko ƙarama? Yadda ake zaɓen siffar da ta dace da hannun mai kiɗa

Duk wanda ya shiga shagon kayan kiɗa a Legas, Kaduna, Jos ko Yamai ya nemi a nuna masa jitar da ba ta buƙatar lantarki, akasari siffa ɗaya za a fara miƙo masa: mai faɗin kafaɗa, mai zurfin ciki, wadda ƙugunta bai shiga sosai ba. Masu ƙera jita suna kiranta Dreadnought. Ta cika kasuwa har mutane da dama sun ɗauka ita ce jita ta gaske, sauran kuwa na yara ne ko na masu ƙaramin ƙarfi. Alhali an ƙera ta ne a Amurka sama da shekara ɗari da suka wuce domin magance matsala guda, wato ƙarancin amo, a zamanin da jita ba ta da hanyar ɗaga murya sai ta girman jikinta.

Wanda ba shi da wannan matsala yana iya sayen maganin ciwon da ba nasa ba. Kusan duk jitar da ke kasuwannin Najeriya da Nijar daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin canjin kuɗi, kuma yawancin masu koyo sau ɗaya suke iya saye. Idan siffar ta saɓa wa jikin mutum ko salon hannunsa, abin da yakan biyo baya shi ne ciwon kafaɗa, sai gajiya, sai a jingine ta a kusurwar ɗaki, mai ita ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da baiwar kiɗa.

Abin da ke faruwa a cikin akwatin

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wani amo na a zo a gani, domin ta yi siririn da ba za ta iya tura iska ba. Aikinta shi ne ta girgiza guntun katakon da take hawa kansa, wanda masu kayan kiɗan gargajiya suke kira jaki. Jakin yana girgiza fuskar jita, wato siririn allon da ke sama, iskar da ke cikin akwatin kuma tana shiga tana fita ta ramin da ke tsakiyar fuskar. Gwargwadon faɗin fuska da yawan iskar ciki, gwargwadon kaurin sauti. Gwargwadon ƙanƙantarsu kuma, gwargwadon saurin amsawa da kaifin murya.

Kunnen Bahaushe ya san wannan doka tun kafin zuwan jita. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata, muryarsa siririya ce mai ratsa taro. Komo kuwa, wanda ya fi garaya girman ciki, ya fi ta kaurin amo. Abin da ya bambanta jita shi ne fuskarta ta katako ce, an tokare ta daga ciki da wasu siraran sanduna kamar haƙarƙari.

Fuskar ce uwa a wannan aiki. Antonio de Torres, maƙerin jita ɗan ƙasar Sifen wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892, ya nuna haka a 1862 lokacin da ya haɗa wata jita mai fuskar katako mai kyau, amma baya da gefunanta na kwali ne, ta kuma yi sauti. Darasin da mai saye zai ɗauka a nan shi ne babbar fuska tana buƙatar hannu mai nauyi kafin ta motsa gaba ɗaya. Ƙaramar fuska tana amsa taɓi kaɗan, amma idan aka matsa mata da duka sai ta kai iyakarta, sautin ya cushe. Tambayar farko ke nan da ya kamata mutum ya yi wa kansa: shin yana share tsirkiyoyi shida gaba ɗaya da ƙarfi domin raka waƙa, ko yana tsinkar su ɗaya bayan ɗaya da yatsu?

Jitar da aka raɗa wa sunan jirgin yaƙi

Kamfanin C. F. Martin, wanda wani Bajamushe ya kafa a New York a 1833 kafin ya koma garin Nazareth na jihar Pennsylvania, shi ya fara ƙera Dreadnought a 1916 domin wani kamfanin sayar da kayan kiɗa mai suna Oliver Ditson. Sunan kuwa an aro shi ne daga HMS Dreadnought, katafaren jirgin ruwan yaƙin da Ingila ta ƙaddamar a 1906, wanda ya mayar da sauran jiragen yaƙi tsofaffin yayi. Da farko ba ta samu kasuwa ba. Sai a 1931 Martin ya fara fitar da ita da sunansa, a 1934 kuma ta samu siffar da aka san ta da ita yau.

Faɗinta a inda ta fi faɗi ya kusa santimita 40, zurfinta ya ɗan haura 12. Ta karɓu ne a wurin mawaƙan karkarar Amurka waɗanda suke kiɗa tare da banjo da goge irin na Turawa, kayan da sukan danne muryar ƙaramar jita. Har gobe a nan ƙarfinta yake. Mai raka waƙar taro, ko ƙungiyar mawaƙan coci, ko ɗalibin da ke jan baiti a dandalin makaranta ba tare da lasifika ba, da wuya ya samu abin da ya fi ta. Tana jure duka, tana cika wuri da amo mai kauri, kuma ba ta cushewa da wuri.

Illarta biyu ce. Ta farko a jiki take. Da yake ƙugunta bai shiga ba, tana zama a kan cinya da tsayi, dole mai kiɗa ya ɗaga hannunsa na dama ya zagayo ta. Dogon mutum ba zai ji komai ba, amma gajere, ko yarinya, ko yaro ɗan shekara 12, zai yi awa guda kafaɗarsa a sama. Ta biyu a sauti take: idan aka taɓa ta da laushi, kaurin amonta yakan rufe siraran tsirkiyoyi, waƙar da yatsu suke zanawa ta dusashe a ƙarƙashin gurnani.

Kamfanin Gibson ya fitar da tasa a 1942, wato J-45, mai zagayayyar kafaɗa da tsirkiya da ta ɗan fi gajarta. Muryarta ta fi taushi, shi ya sa mawaƙa masu raka kansu da kansu suke sonta. Shi ne kuma ya ƙera wadda ta fi su duka girma, SJ-200, a 1937, mai faɗin santimita 43, wadda ake kira Jumbo. Tana da kwarjini a kan dandamali, tana da amo kamar tambari, amma ba abin da za a ba mai koyo ba ne.

Matsakaita, waɗanda aka fi yi wa rashin adalci

Kafin Dreadnought, Martin yana auna jitocinsa da lambobi: 0, sai 00, sai 000, kowace ta fi ta bayanta girma. Mai sifili uku ta fito a 1902, kuma a lokacin ita ce babba. A 1929 wani makaɗin banjo mai suna Perry Bechtel ya nemi a yi masa jita mai dogon wuya domin yatsunsa su kai sama kamar yadda ya saba. Daga nan aka samu OM, wadda wuyanta yake haɗuwa da jiki a gaɓa ta 14 maimakon ta 12. Gaɓoɓi su ne siraran ƙarafunan da aka gicciya a wuyan jita, inda yatsa yake danne tsirkiya. Wannan tsari shi ne ya zama ƙa'idar kusan duk jita mai tsirkiyar ƙarfe daga baya.

Jikin OM da na 000 ɗaya ne: faɗi santimita 38, zurfi kimanin 10 da rabi, ga ƙugu da ya shiga ya zauna daram a kan cinya. Bambancinsu a tsawon tsirkiya yake. Ta OM milimita 645 ce, ta 000 kuwa 632. Ratar kamar ba komai ba ce, amma yatsu suna jin ta: gajeriyar tsirkiya ta fi laushin dannawa da lanƙwasawa, doguwa ta fi tauri da ƙara.

Abin da ake so a wannan siffa shi ne adalci tsakanin tsirkiyoyi. Mai kauri ba ta danne siririya, kowane sauti yana fita da iyakarsa. Mai tsinka da yatsu yana samun abin da yake nema ba tare da wahala ba, mai shara da matsakaicin ƙarfi ma ba ya rasa komai. Masu ɗaukar sauti a situdiyo suna sonta saboda ba ta cika makirufo da gurnanin da sai an rage daga baya. Lokacin da Eric Clapton ya yi wasansa na MTV Unplugged a 1992, tsohuwar 000-42 ce a hannunsa, kuma wannan wasa ya dawo da hankalin masu saye kan siffar da aka daɗe da yin watsi da ita.

A 1994 kamfanin Taylor na Kalifoniya ya fito da wata da ya kira Grand Auditorium, mai faɗi irin na Dreadnought da ƙugu irin na OM. Sulhu ce tsakanin ɓangarorin biyu, kuma kamar kowane sulhu, ba ta kai ko ɗaya ƙwarewa a fagensa ba. Amma wanda bai riga ya san inda hannunsa zai karkata ba, kuma jita ɗaya kuɗinsa zai saya, zai fi samun kwanciyar hankali da ita ko da OM a kan babbar da mai shago zai fara miƙo masa. Ba sai an kai ga masu tsada ba. Yamaha, alal misali, yana da FG800 mai siffar Dreadnought da FS800 mai ƙaramin jiki a aji ɗaya.

Ƙanana

Masu lamba 0 da 00, da waɗanda suka fi su ƙanƙanta da ake kira jitar falo, su ne jitocin ƙarni na 19, lokacin da ake kiɗa a ɗaki ga 'yan gida. Faɗin masu lamba 0 da 00 tsakanin santimita 34 ne da 36. Ba su da kaurin amo, muryarsu a tsakiya take, tana fita kai tsaye kamar ta mai magana. Joan Baez, wadda ta yi waƙa a gangamin neman 'yancin baƙar fata na birnin Washington a 1963, an san ta da ƙaramar Martin 0-45. Ed Sheeran ya cika manyan filayen wasa da wata 'yar ƙaramar Martin da aka yi domin matafiya. Dalili kuwa a bayyane yake: da zarar an jona jita da lasifika, girman jiki ya daina zama ma'aunin ƙara. Hasali ma babbar jita ta fi saurin yin kukan nan mai huda kunne idan aka kusantar da ita da lasifika.

Roba ko ƙarfe

Akwai wata siffa da ke zaman kanta, wato jitar Sifen mai tsirkiyar roba, wadda Torres ya daidaita girmanta. Wuyanta yana da faɗi, kimanin milimita 52 a sama, yayin da na mai tsirkiyar ƙarfe yake tsakanin 43 da 45. Faɗin yana bai wa yatsun dama fili, laushin robar kuma yana sauƙaƙa wa mai koyo makonnin farko, kafin kan yatsunsa su yi kanta. Ita ce jitar Víctor Jara, mawaƙin gwagwarmaya na ƙasar Chile da sojoji suka kashe a watan Satumban 1973, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin Pinochet. Ita ce kuma jitar Koo Nimo na Ghana, dattijon kiɗan nan na gaɓar tekun Afirka ta Yamma da ake tsinka da babban yatsa da manuniya.

Sai dai akwai kuskuren da yake kashe irin wannan jita a kasuwanninmu. Idan tsirkiyar roba ta tsinke aka rasa irinta, sai a ɗaura ta ƙarfe. Tsirkiyoyin roba shida suna jan jiki da nauyin kusan kilo 40, na ƙarfe kuwa kilo 70 ko fiye. Jitar Sifen ba a tokare fuskarta domin wannan nauyi ba, kuma yawancinsu ba su da sandar ƙarfen da ake sakawa cikin wuya. Bayan 'yan watanni wuyan yakan lanƙwashe, fuskar ta kumbura, ko jakin ya ɓalle gaba ɗaya.

Salon Sahara

Mafi kusa da ƙasar Hausa cikin manyan salon jita na duniya shi ne na Abzinawa. Ya taso ne a ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980 a tsakanin matasan da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya. Ƙungiyar Tinariwen ta 'yan arewacin Mali ce ta fara shahara da shi, a Nijar kuma marigayi Abdallah ag Oumbadougou ya zama muryar tawayen shekarun 1990, ana yaɗa kaset ɗinsa hannu da hannu. Bayansu aka samu Bombino daga yankin Agadas, da Mdou Moctar da Les Filles de Illighadad daga jihar Tawa.

A wannan salo ba a share tsirkiyoyi shida. Babban yatsa yana riƙe da sauti ɗaya mai kauri yana maimaita shi, manuniya tana zana waƙa a kan siraran tsirkiyoyi, yatsun hagu kuma suna bugawa suna ɗagawa cikin sauri domin ƙawata ta. Abin da hannu irin wannan yake buƙata shi ne jita mai saurin amsawa wadda ba ta barin sautin ƙasa ya haɗiye na sama, wato dai OM, 000 ko 00. Gaskiya ne cewa waɗanda suka kafa salon ba su zaɓi siffa ba. Abin da ya faɗo hannunsu shi suka kaɗa, Mdou Moctar ma da kansa ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Amma rashin zaɓi da ya same su ba hujja ba ce ga wanda yake da zaɓi. Mai son jin yadda salon yake ba tare da lantarki ba yana iya sauraren Tassili, kundin da Tinariwen suka ɗauka a hamadar kudu maso gabashin Aljeriya, wanda ya ci kyautar Grammy a 2012, ko Tears of Injustice da Mdou Moctar ya fitar a 2025.

Yankakkiyar kafaɗa

Wasu jitocin an yanke musu kafaɗa ɗaya domin hannun hagu ya kai gaɓoɓin da ke kusa da jiki. Masana suna ta muhawara kan ko yankan yana rage amo, kuma ko da yana ragewa, kaɗan ne ƙwarai, domin saman fuska ba ya motsi sosai. Mai tsinkar waƙa har can sama zai amfana. Mai raka waƙa wanda hannunsa ba ya wuce gaɓa ta biyar zai biya ƙarin kuɗi ne a kan abin da ba zai taɓa ba. Haka batun na'urar ɗaukar sauti da ake sakawa a ciki: a jita mai araha, kuɗin na'urar daga ingancin katako ake cire shi.

Hunturu

Masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda damshin iska yake tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A Kano, Sakkwato, Damagaram ko Agadas, damshin hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako yana tsukewa idan ya bushe, kuma a faɗinsa yake tsukewa, shi ya sa faffaɗar fuska take da abin da za ta yi asara fiye da ƙarama. Jitar da ta yi watanni a shagon Legas cikin damshin teku aka kawo ta Arewa a watan Disamba tana cikin haɗari. Alamun farko su ne kan gaɓoɓin ƙarfe su fara kartar hannu a gefen wuya, fuska ta lotsa, tsirkiyoyi su fara zuza a kan gaɓoɓi. Abin da ke biye shi ne tsagewa.

A nan lissafin da ake yi a Turai yakan juye. Can ana fifita fuskar da aka yanka daga tsantsar katako guda saboda daɗin sautinta, kuma gaskiya ta fi daɗi. Amma wadda aka yi da siraran yadudduka da aka manne, ko da yake muryarta ba ta kai waccan ba, ta fi jure bushewa da zafi. Wanda ya sayi mai tsantsar katako sai ya haɗa da akwatin ajiya mai rufewa, ya riƙa saka jiƙaƙƙen soso da aka matse a cikin ɗan mazubin sabulu mai huda, yana dubawa bayan kwana biyu ko uku, ba tare da ruwa ya taɓa katakon ba. Kada a bar ta a mota ko a jikin bangon da rana take duka, domin zafi yana sassauta gam ɗin da ke riƙe da jaki.

A cikin shago

Girman da aka rubuta a takarda ba ya maye gurbin gwaji. Mai saye ya zauna a kujera marar hannu, ya ɗora jitar a cinya, ya saki hannunsa na dama a kanta. Idan kafaɗar dama ta fi ta hagu tsayi, ko sai ya miƙa wuya kafin ya ga yatsunsa, jitar ta yi masa girma. Minti biyu ba sa nuna wannan, sai an yi kwata ɗin awa.

Daga nan ya kaɗa ta da laushi iyakar laushi, ya ji ko tana amsawa, sannan ya buge ta da ƙarfin da zai yi amfani da shi a taro, ya ji ko ta cushe. Da yake amon jita gaba yake fita, mai riƙe da ita ba ya jin abin da masu sauraro suke ji, don haka yana da kyau ya je da wanda ya iya, ya ba shi ya kaɗa, shi kuma ya ja baya taku huɗu ko biyar ya saurara. Ya duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya mai kauri da gaɓa ta 12: idan ta haura milimita 3, dannawa za ta yi wuya kowace irin siffa ce, sai a nemi mai shago ya gyara kafin a biya. Ya kuma gwada zura gefen takarda a ƙarƙashin jaki ta baya. Idan ta shige, jakin ya fara ɗagawa, sai a ajiye wannan a nemi wata.